Littafin da ya ce kada a zo, jama'a suka zo

A shekarar 1956 wani saurayi ɗan shekara 29 mai suna Edward Abbey ya kama aikin malamin daji na wucin gadi a Arches, wani keɓaɓɓen yanki na hamada kusa da garin Moab a jihar Utah ta Amurka. Wurin ya yi suna ne saboda jajayen duwatsunsa masu siffar bakan gizo, waɗanda yawansu ya haura 2,000. Hanyar shiga a lokacin ta burji ce, baƙi kuma tsiraru. Abbey ya yi zango biyu, a 1956 da 1957, yana kwana a wani ɗan ɗaki mai taya da gwamnati ta ba shi. Daga rubuce-rubucen da ya tara aka buga Desert Solitaire a 1968.

Littafin ya yabi hamada, amma zafinsa yana cikin babin da ya far wa yawon buɗe ido na mota. Hukumar gandayen ƙasa tana cikin shirinta na shekara goma mai suna Mission 66, wanda ya shimfiɗa kwalta da gine-ginen tarbar baƙi a gandaye da dama. Abbey ya ba da labarin yadda masu safiyo suka zo auna sabuwar hanya, da yadda ya bi dare ya tumɓuke turakunsu, alhali ya san aikin banza yake yi. Shawararsa ita ce a hana motoci shiga gandaye, a daina yin sababbin hanyoyi, kowa ya shiga da ƙafa, ko keke, ko doki. Tun a gabatarwa ya gargaɗi mai karatu da kada ya ɗauki mota ya nufo wurin, domin abin da ya siffanta ya riga ya fara gushewa.

Martanin farko shiru ne, don bugun 1968 bai yi kasuwar kirki ba. Sai da aka yi bikin Ranar Duniya na farko a Afrilun 1970, batun muhalli ya shiga bakin matasa, sannan bugu mai araha ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu a jami'o'i. A 1971 kuma majalisar dokoki ta ɗaga Arches zuwa cikakken gandun ƙasa.

Daga nan masu karatu suka rabu. Wasu sun ɗauki fushin littafin. Su ne suka bi Abbey zuwa ƙagaggen labarinsa na 1975, The Monkey Wrench Gang, kan masu lalata injinan gine-gine, kuma daga cikinsu aka sami waɗanda suka kafa ƙungiyar Earth First! a 1980. Mafi yawa kuwa kaɗaicin suka ɗauka: mutum shi kaɗai, da dutse, da faɗuwar rana. Kaɗaici kuwa ba ya rabuwa tsakanin mutane. Duk wanda ya rufe littafin ya tafi nemansa, ya rage wa wanda ya riga shi isowa.

Ba adalci ba ne a ɗora wa marubuci ɗaya cunkoson yau. Kwalta ta yi nata, haka ma tallar gandayenta biyar da jihar Utah ta ƙaddamar a 2013, sannan hotunan Instagram. A wani hutun ƙarshen mako na Mayun 2015 layin motoci ya fito har babban titi, 'yan sanda suka rufe ƙofar gandun. A 2021 baƙin Arches sun kai wajen miliyan 1.8, a 2022 kuma aka fara gwajin tsarin da sai mutum ya yi rajistar lokacin shiga tun kafin ya taso. 

Martanin da ya fi jan hankalina ya zo a makare. A 2018, da littafin ya cika shekara 50, marubuciya Amy Irvine, wadda ta tashi a Utah tana ƙaunarsa, ta buga Desert Cabal, inda take magana da Abbey kai tsaye, shekara 29 bayan rasuwarsa. Ta tuna masa cewa matarsa da ɗansu ƙarami sun zauna tare da shi na wani lokaci a Arches, amma bai ba su gurbi a labarin ba. Ta kuma ƙalubalanci yadda yake ɗaukar ƙasar kamar tasa, alhali ƙabilun asali irin su Ute sun san ta ƙarnuka kafin zuwan Turawa. Ashe kaɗaicin da dubban mutane suka tuƙo mota suna nema, wani ɓangarensa da alƙalami aka gina shi. A ganina wannan bai rage ƙarfin rubutun ba, sai dai ya sauya yadda ake karanta kalmar "ni" a cikinsa.

Shawararsa kan motoci, wadda aka ɗauka hauka a 1968, ta sami shiga a wani wuri dabam. Tun shekarar 2000, a lokacin yawan baƙi, ba a barin motocin jama'a su bi babbar hanyar kwarin gandun Zion, a wannan jiha ta Utah. Ana ajiye su a waje, a hau bas.