Game of Thrones: Inda masu kallo suka ce labarin ya saɓa wa kansa

Game of Thrones shiri ne mai dogon zango da tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 2011 zuwa 2019, cikin zango 8 da kashi 73. An gina shi a kan jerin littattafan George R. R. Martin, wanda na farkonsu ya fito a 1996, kuma David Benioff da D. B. Weiss ne suka jagoranci mayar da shi fim. Labarin na gidajen sarauta ne da ke faɗa a kan karagar mulkin wata ƙagaggiyar nahiya mai suna Westeros, inda ake da tsafi, da matattu masu tafiya, da dodanni masu fuka-fuki da ke aman wuta. Kaɗan ne daga shirye-shiryen talabijin suka jawo jayayya irin wadda ya jawo a kan ko labarin ya riƙe ƙa'idojin da ya shimfiɗa wa kansa.

Asalin jayayyar yana cikin yadda shirin ya horar da masu kallonsa. A zangunan farko, ƙaramar magana takan dawo bayan shekaru da babban sakamako. Misali mafi shahara shi ne asalin Jon Snow, wanda aka gabatar a matsayin ɗan Ned Stark da aka haifa ba ta hanyar aure ba. Tun kafin a fara shirin, masu karanta littattafan sun haɗa alamu suka ce shi ɗan Lyanna ne, 'yar'uwar Ned, da yarima Rhaegar Targaryen. Ƙarshen zango na 6 da na 7 suka tabbatar da hasashen. Wanda ya ga sa ido ya biya shi haka, ba zai daina sa ido ba.

Sai dai littafi na biyar ya fito ne a 2011, na shida kuwa bai biyo baya ba. Daga zango na 6 shirin ya wuce littattafan, marubutansa suka ci gaba da abin da Martin ya shaida musu game da ƙarshen labarin da kuma abin da suka ƙaga. An kuma rage yawan kashi daga 10 a kowane zango zuwa 7 a 2017, sannan 6 a 2019.

Kurakuran da aka fi yayatawa su ne mafi ƙarancin nauyi. A kashi na 4 na zango na 8, cikin watan Mayun 2019, an ga kofin shan gahawa na zamani a kan tebur gaban Daenerys Targaryen yayin liyafa a fadar Winterfell. HBO ta amsa kuskuren cikin raha, ta goge kofin da kwamfuta. A kashi na ƙarshe ma an hango gorar ruwa ta roba kusa da ƙafar Samwell Tarly. Irin wannan sakaci ne na wurin ɗaukar fim, bai taɓa labarin ba. Haka ma sauya 'yan wasa, kamar yadda mutum uku suka fito a matsayin Gregor Clegane.

Matsalar nisa da lokaci ta fi wannan girma. A kashi na farko na shirin an faɗa cewa ayarin sarki Robert ya yi wata guda a hanya daga babban birni zuwa Winterfell, kuma siyasar labarin ta dogara ne a kan irin wannan nisan: saƙo yakan makara, agaji yakan iso bayan an gama yaƙi. Amma a kashi na 6 na zango na 7, matattu suka yi wa Jon Snow da mutanensa ƙawanya a tsakiyar wani daskararren tafki a arewa da Katanga. Gendry ya koma Katanga da gudu, aka aika hankaka da wasiƙa zuwa tsibirin Dragonstone da ke can kudu, Daenerys ta taso da dodanninta ta cece su, duk kafin sanyi ya kashe su. Masu kallo suka shiga lissafin gudun hankaka da tsawon lokacin da ruwa ke ɗauka ya daskare. Daraktan kashin, Alan Taylor, ya amince cewa lissafin lokacin bai fito fili ba. Masu kare shirin suka ce wanda ya yarda da dodo mai aman wuta bai kamata ya tsaya auna gudun hankaka ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin dodon yana cikin ƙa'idar duniyar tun farko, hankaka mai saurin jirgin sama kuwa ba ya ciki.

Akwai kuma ƙananan saɓani da sai mai bibiya sosai yake kamawa. A farkon zango na 6 Melisandre ta cire sarƙar wuyanta ta koma tsohuwa tukuf, alhali a zango na 4 an nuna ta tana wanka ba sarƙar, kuma da ƙuruciyarta. A zango na 8 Gendry ya kira kansa Rivers, bayan kuwa a al'adar Westeros sunan irin waɗannan 'ya'yan ya danganta da yanki, kuma na yankin da aka haife shi Waters ne. Mayaƙan Dothraki da aka ga kamar an gama da su a yaƙin Winterfell sun sake bayyana da yawansu daga baya.

Mafi zafin muhawarar ya faɗa kan Daenerys, wadda ta ƙone birnin King's Landing da mazaunansa a kashi na 5 bayan an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya. Wani ɓangare ya ce alamun sun daɗe: ta gicciye masu bayi a Meereen, ta ƙone Randyll Tarly da ɗansa da suka ƙi durƙusa mata. Ɗaya ɓangaren ya ce duk waɗancan abokan gaba ne, ba talakawa ba, kuma kashi biyu ko uku ba su isa a mayar da mai 'yanta bayi mai kisan kiyashi ba. Bayanin Benioff cewa ta manta da rundunar jiragen ruwan Euron Greyjoy, wadda ta kashe mata dodo ɗaya, ya ƙara wa wutar fetur, ganin cewa an ambaci rundunar a gabanta a cikin kashin.

Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke a shafin Change.org suna neman a sake zango na 8. HBO ba ta sake shi ba, zangon ma ya ci kyautar Emmy ta gwarzon shirin dirama a 2019. Jayayyar ta bi shirin House of the Dragon da aka fara a 2022, inda a watan Satumbar 2024 Martin da kansa ya soki cire yarima Maelor daga labarin, yana mai cewa hakan zai dagula abubuwan da ke tafe.