Ƙuduji da Saiwar Masara: Nazari a Kan Ilimin Haɗakar Sassan Halitta

Ilimin haɗakar sassan halitta reshe ne na kimiyya da ke nazarin yadda sassan abu mai rai ke aiki tare, maimakon ɗaukar kowanne shi kaɗai. Abin da muke kira raga a nan shi ne zanen alaƙar da ke tsakaninsu: kowane sinadari ko ƙwayar gado ƙulli ne, tasirinsa a kan wani kuwa shi ne zaren da ya haɗa su. Samfuri kuma shi ne ragar bayan an mayar da ita lissafi, domin kwamfuta ta yi hasashen abin da zai biyo baya idan aka taɓa ƙulli guda. Za mu ambaci iri biyu: mai ɗaukar kowane ƙulli a kunne ko a kashe, da mai bin hawa da saukar adadinsa a kan lokaci. Na biyun ya fi daidai, sai dai yana buƙatar awo mai yawa.

Misalinmu yana gonakin masara da dawa na Nasarawan Doya da sauran ƙasar Makarfi: ƙuduji, tsiron nan mai cutar da su, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa kan yi shekaru kwance a ƙasa, ba ya tsira sai ya ji wani sinadari da saiwa ke fitarwa, wato sitirigolakton. An fara gano nau'insa a saiwar auduga a 1966. A 2005 aka nuna cewa da shi shuka ke kiran wani naman gwari mai tallafa mata wajen zuƙo fosfaros, sinadarin abincin shuka; a 2008 kuma aka gano yana hana ta yawan rassa. Idan fosfaros ya yi ƙaranci, sai saiwa ta ƙara fitar da shi. Ke nan kiran agajin da masara ke yi a gajiyayyar ƙasa shi ne ke tashin maƙiyinta, kuma wanda ya toshe sinadarin baki ɗaya ya taɓa zare uku, ba ɗaya ba. Irin wannan sarƙaƙiya ce samfuri ke warwarewa.

Ɗalibin yankin ba ya nesa da fagen: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Amma a ganinmu, wanda ya zaɓi ilimin halittu don gudun lissafi bai shirya wa wannan fanni ba.