Koyar da Ilimin Halittu Mai Zurfi ga Ɗalibai Masu Hazaƙa

Gabatarwa

Ilimin halittu, wanda aka fi sani da bayoloji, fanni ne na kimiyya da ke nazarin duk abin da ke da rai, tun daga ƙwayar cuta da ido ba ya gani har zuwa tsirrai da dabbobi da shi kansa ɗan Adam. Shi ne tushen karatun likitanci da haɗa magunguna da jinya da aikin gona da likitancin dabbobi. A kowace shekara akan sami ɗalibai da fahimtarsu ta zarce darussan ajinsu, waɗanda za su iya ɗaukar karatun shekarar farko ta jami'a tun kafin su shiga jami'ar. Mun shirya wannan bayani ne domin iyaye da malamai da ɗalibai su san hanyoyin da aka tanada don irin waɗannan yara.

Taƙaitaccen Tarihi

A tsohon tsarin ilimi na Nijeriya, ɗalibin da ya yi fice bayan aji biyar na sakandare yakan ƙara shekara biyu a aji shida, ya zauna jarrabawar HSC, sannan ya wuce jami'a. Da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a shekarar 1982, sai aji shida ya riƙa gushewa daga makarantun gwamnati. Tun kafin wannan lokaci, a shekarar 1976, an kafa shirin IJMB a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya zama babbar hanyar karatun share fagen jami'a a Arewa. A shekarar 1977 kuma Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake zaɓo yara masu ƙoƙari ta hanyar jarrabawa. Daga baya, a shekarar 2014, wasu jami'o'i suka kafa hukumar JUPEB bisa jagorancin Jami'ar Legas.

Yadda Tsarin Yake

A shirin IJMB da na JUPEB ɗalibi yakan ɗauki darussa uku bayan ya kammala sakandare, ya yi kimanin shekarar karatu ɗaya. Mai sha'awar likitanci yakan haɗa bayoloji da kimistiri da fizik. Ana ba da maki 5 ga sakamakon A, 4 ga B, 3 ga C, 2 ga D, 1 ga E. Wanda ya sami makin da ake bukata yana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun hukumar JAMB. Kowace jami'a ita ke yanke makin da take karɓa a kowane sashe, kuma na likitanci yakan fi na sauran tsauri. Dole ne kuma ɗalibi ya mallaki kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi. Daga cikin wuraren da ake wannan karatu akwai kwalejin CAS ta Kano da makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua.

A Amurka tsarin ya sha bamban. Shirin AP, wanda hukumar College Board ke gudanarwa tun shekarar 1955, yana ba ɗalibi damar ɗaukar darasin jami'a yana cikin sakandare. Ana jarrabawar a watan Mayu, makinta daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da dama sukan yafe darasin shekarar farko ga wanda ya yi nasara. Hukumar ta shardanta cewa a ƙalla kashi 25 cikin 100 na lokacin darasin bayoloji ya kasance na gwaje-gwaje.

Abubuwan da Ake Koyarwa

Bambancin wannan mataki da na sakandare shi ne, a sakandare akan tambayi ɗalibi sunan abu, a nan kuwa akan tambaye shi dalili da hujja. Manyan ɓangarorin karatun sun haɗa da tsarin ƙwayar halitta da sinadaran da ke cikinta, da yadda tsirrai ke haɗa abinci da hasken rana, da yadda jiki ke fitar da kuzari daga abinci, da ilimin gado, da rabe-raben halittu, da dangantakarsu da muhalli. A ilimin gado akan fara da gwajin da Gregor Mendel ya yi da wani nau'in wake, wanda aka buga a shekarar 1866, a zo ga gano siffar DNA a shekarar 1953.

Misalai Daga Muhallinmu

Malami ba ya bukatar ya je nesa neman misali. Cutar sikila, wato amosanin jini, ta isa darasi guda. A sakandare ɗalibi ya san cewa idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai SS. A mataki mai zurfi zai koyi cewa asalin cutar sauyin harafi ɗaya ne tak a cikin DNA, wanda ke canza siffar sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Zai kuma fahimci dalilin yawaitar AS a ƙasashen da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, domin masu AS suna da wata kariya daga tsananin zazzaɓin.

Haka nan a gona. Gero da dawa da masara suna haɗa abinci ta hanyar da masana ke kira C4, wadda ke rage asarar ruwa, shi ya sa suke jure zafin rana fiye da alkama da ke bin hanyar C3. Ƙululun da ke jikin saiwar wake da gyaɗa kuwa gidajen wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda ya bayyana hikimar manomanmu ta haɗa wake da gero a gona ɗaya. Ƙuduji da ke tsotsar saiwar dawa, da tsargiya da ke yaɗuwa ta hanyar dodon koɗi a kududdufai da magudanan noman rani, duka darussa ne a ƙofar gida.

Abubuwan da Ake Bukata

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan karatu ba ya yiwuwa a kan allo kaɗai. Ana bukatar ɗakin gwaje-gwaje mai ruwa da wuta, da na'urar ganin ƙananan halittu, da sinadarai, da malami mai digiri a fannin. Wajibi ne ɗalibi ya iya yanka ɓawon albasa ya duba ƙwayoyinsa, ya zana abin da ya gani, ya auna, ya rubuta rahoto. Yana kuma bukatar ƙarfi a kimistiri da lissafi da Turanci, saboda rauni a ɗaya daga cikinsu yakan ja shi baya ko da yana da ƙwazo a bayoloji.

Jan Hankali

Muna jan hankalin iyaye da su bincika kafin su biya kuɗi, domin ba kowace cibiya mai allon talla ce hukumar jarrabawa ta amince da ita ba. Jami'o'i suna tantance sakamako daga hukumar da ta bayar, kuma wanda aka samu da takardar bogi yakan rasa gurbinsa ko da ya yi nisa da karatu. Ya kamata a ziyarci makarantar, a ga ɗakin gwaje-gwajenta, a kuma tabbatar jami'ar da yaro ke so tana karɓar wannan sakamako.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin makarantu da su riƙa gano masu hazaƙa tun daga ajin farko na babbar sakandare, maza da mata, na birni da na karkara, su ƙara musu darasi da gwaji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma asibitocinmu da gonakinmu suna jiran waɗannan yara.