Tarihin gano yadda ƙwayoyin jiki ke jin ƙarancin oksijin

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum da dabba tana da hanyar auna yawan iskar oksijin da ke isa gare ta. Idan iskar ta ragu, ƙwayar takan tayar da ɗaruruwan ƙwayoyin gado da suke kwance, su shiga aiki: a ƙara jajayen ƙwayoyin jini, a tsiro da sababbin jijiyoyi, a koma ƙona sukari ta hanyar da ba ta buƙatar iska sosai. Furotin da ke ba da wannan umarni ana kiran sa HIF. An shafe fiye da shekara ɗari kafin a kai gare shi.

Daga kan duwatsu aka faro. Wajen 1890 wani likita Bafaranshe, François-Gilbert Viault, ya hau garin Morococha na ƙasar Peru, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 4,500. Cikin ƴan makonni ya ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun tashi daga kusan miliyan 5 zuwa 8 a ɗigon awo guda. Jiki ya ji iska ta yi ƙaranci, ya ƙara masu dakonta. A 1906 Paul Carnot da Clotilde Deflandre, a Paris, suka yi gwaji da zomaye, suka ce akwai wani sinadari a jini da ke kai wa ɓargo wannan saƙo. Shi ne daga baya aka raɗa wa suna eritropoyetin, ko EPO a taƙaice. A 1957 Leon Jacobson da abokan aikinsa a Chicago suka nuna cewa ƙoda ce ke haɗa shi. Tace shi kuwa ya ba da wahala. Sai a 1977 Eugene Goldwasser da Takaji Miyake suka samu ɗan mitsitsi daga fitsarin marasa lafiya lita 2,550 da aka tara a Japan. A 1985 aka gano ƙwayar gadon EPO, a 1989 kuma Amurka ta amince da EPO a matsayin allura ga masu ciwon ƙoda.

Duk da haka, ba a san ta yaya ƙoda ke sanin iska ta ragu ba. Gregg Semenza na Jami'ar Johns Hopkins ya bi diddigin wani guntun DNA da ke maƙwabtaka da ƙwayar gadon EPO, ya tarar akwai furotin da ke manne masa idan oksijin ya yi ƙasa. A 1992 ya sa masa suna HIF-1, a 1995 shi da Guang Wang suka tace shi, suka ga ɓari biyu ne da ke haɗuwa. A Oxford, Peter Ratcliffe, likitan ƙoda, ya nuna a 1993 cewa tsarin ba na ƙoda kaɗai ba ne, yana nan a ƙwayoyin da ba su taɓa yin EPO ba. Wannan ne ya fitar da maganar daga fagen ilimin jini ta zama ta jiki gaba ɗaya.

Mabuɗin ya fito daga inda ba a zata ba. William Kaelin, likitan ciwon daji a cibiyar Dana-Farber ta Boston, yana nazarin wata cutar gado da ba a cika gani ba, von Hippel-Lindau (VHL), wadda ke haddasa ƙari mai yawan jijiyoyin jini, musamman a ƙoda. A 1996 ya lura cewa ƙwayoyin da furotin VHL ya lalace a cikinsu suna yi kamar an shaƙe su, alhali iska ta wadata. A 1999 ƙungiyar Ratcliffe ta tabbatar VHL ne ke kama HIF ya miƙa shi a farfasa. A 2001 ɗakunan binciken Kaelin da Ratcliffe, kowanne da kansa, suka cike gurbin da ya rage.

Ƙwaya ba ta jira sai iska ta yanke sannan ta haɗa HIF. Kullum tana haɗa shi, kullum tana rushe shi cikin ƴan mintoci. Wasu furotin da ake kira inzayim suna ɗaukar oksijin su yi wa HIF tambari, VHL ya ga tambarin ya cafke shi. Kamar rubutu ne a allo da ake wankewa kafin a kai ga karanta shi. Da zarar oksijin ya ragu, tambari ba ya yiwuwa, HIF ya taru, ya shiga cibiyar ƙwaya, ya haɗu da ɗaya ɓarin, a karanta umarnin. Ke nan ita kanta iskar ce ma'auninta. Abin lura, inzayim ɗin nan ba sa aiki sai da sinadarin ƙarfe.

Semenza, Ratcliffe da Kaelin sun samu kyautar Lasker a 2016, sai ta Nobel a fannin likitanci ranar 7 ga Oktoba, 2019. Magunguna sun biyo baya ta fuska biyu. Roxadustat, wanda Sin ta amince da shi a ƙarshen 2018, yana hana tambarin don ƙoda ta ƙara EPO. Belzutifan, wanda Amurka ta amince da shi a 2021, yana toshe HIF-2, wani nau'in HIF, a cikin ƙari. An kuma gano a 2010 cewa mutanen Tibet suna da wani sauyi a ƙwayar gadon HIF-2 da ke hana jininsu yin kauri fiye da kima a kan tsauni.

Amma ba a kan tsauni kaɗai jiki ke rasa oksijin ba. Dakoro, a arewacin jihar Maraɗi ta Nijar, ba ta kan tsauni, iskarta cikakkiya ce. Ƙarancin oksijin a nan daga cikin jini yake fitowa. Daga tsakiyar damina zuwa kaka zazzaɓin cizon sauro na fasa jajayen ƙwayoyin jinin yara, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Uwa ta ja fatar idon ɗanta ta ga fari, ta duba tafin hannu ta ce jini ya ƙare. Ga mai amosanin jini kuma, raguwar oksijin ce ke lanƙwasa ƙwayar jini ta toshe jijiya, ciwo ya tashi. Mai jego da ta zubar da jini wajen haihuwa ita ma oksijin kan yi mata ƙaranci.

A jikin yaron da zazzaɓi ya fasa wa ƙwayoyin jini HIF ba ya gazawa. Ƙoda tana zuba EPO, sau da yawa fiye da na mai lafiya nesa ba kusa ba, kuma HIF-2 yana sa hanji ya ƙara tsotsar ƙarfe daga abinci. Amma ɓargo ba ya ƙera jini da umarni kaɗai. Gero na da ƙarfe, sai dai yawancinsa a ɗaure yake, hanji ba ya samun kaso mai yawa. Zazzaɓin ma yana sa hanta ta saki hefsidin, sinadarin da ke rufe ƙofar ƙarfe a hanji, sannan dattin da ƙwayar cutar ke bari yana kasalar da ɓargo. Shi ya sa, a ganina, kuskure ne a ɗauka sababbin magungunan nan masu tsada, da aka yi domin masu ciwon ƙoda, su ne amsar ƙarancin jini a Dakoro. Abin da ke ceton yaron da hemoglobin ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, ya faɗi ƙasa da giram 5 shi ne ƙarin jini da maganin zazzaɓi cikin gaggawa, daga baya a bi shi da ƙarfe da abinci mai nama, hanta, wake da ganye. Rigakafin da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012 kuma Nijar ta soma a 2013, yana tare ɓarnar tun kafin ƙwayoyin jini su fara fashewa.