Digital Benin

Digital Benin wani kundi ne na intanet da ya tattara hotuna da bayanan kayayyakin tarihin Masarautar Benin waɗanda suke warwatse a gidajen tarihi na duniya. An buɗe shi ga jama'a a watan Nuwamba na shekarar 2022, yana ɗauke da kayayyaki 5,246 da ke hannun cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Ana shiga shafin kyauta. Masarautar da ake magana a kai ita ce ta mutanen Edo, mai hedikwata a Birnin Benin da ke Jihar Edo a kudancin Najeriya, ba Jamhuriyar Benin mai maƙwabtaka da Najeriya ba.

Asalin warwatsuwar kayan

A watan Janairu na 1897 aka kashe James Phillips, wani jami'in mulkin mallaka na Birtaniya, tare da mafi yawan 'yan tawagarsa a kan hanyarsu ta zuwa Birnin Benin. A watan Fabrairu rundunar Birtaniya ƙarƙashin Harry Rawson ta afka wa birnin, ta ci shi da yaƙi, gobara kuma ta cinye fadar. Daga baya an kori Oba Ovonramwen zuwa Kalaba, inda ya rasu a 1914. Sojojin sun kwashe dubban kayayyaki daga fada da wuraren bauta: faifan tagulla masu ɗauke da siffofin fadawa da mayaƙa, kawunan tagulla da ake ƙerawa don tunawa da sarakunan da suka shuɗe, hauren giwa da aka sassaƙa, da ƙararrawa. Duk da cewa an fi saninsu da sunan tagullar Benin, da yawansu na haure ne ko katako ko ƙarfe.

Wasu kayan an sayar da su a kasuwannin gwanjo na Landan, wasu kuma hafsoshi suka riƙe a gidajensu har magada suka sayar bayan shekaru. Gidajen tarihin Jamus sun sayi kaso mai yawa, musamman na Berlin, inda Felix von Luschan ya tara ɗaruruwa. Babu wanda ya rubuta cikakken lissafin abin da aka kwasa a lokacin, shi ya sa fiye da shekara ɗari masana suna ƙiyasi ne kawai. Philip Dark ya wallafa wani kundin littafi mai hotuna a 1982, amma littafi irin wannan ba ya isa hannun kowa, kuma ba a iya gyara shi duk lokacin da wani kaya ya sauya hannu.

Yadda aka haɗa kundin

An fara aikin a 2020 a gidan tarihi na MARKK da ke Hamburg, ƙarƙashin jagorancin shugabarsa Barbara Plankensteiner, da kuɗin gidauniyar Ernst von Siemens ta Jamus. Cikin masanan da suka ja ragamarsa akwai Farfesa Kokunre Agbontaen-Eghafona ta Jami'ar Benin, akwai kuma masu bincike da suka yi aiki daga cikin Birnin Benin.

Babban aikin shi ne daidaita bayanan da cibiyoyin suka aiko. Kowane gidan tarihi yana da tsarinsa na ajiye bayani da harshensa. Wani yana da rumbun bayanai na kwamfuta, wani kuma tsofaffin katuna ne da rijistar da aka rubuta da hannu. Abu iri ɗaya sai a same shi da sunaye daban-daban a Turanci da Jamusanci da Faransanci, wani lokaci ma sunan kuskure ne da wani ma'aikaci ya laƙaba tun zamanin mulkin mallaka. Masu aikin sun bar bayanin kowace cibiya yadda ta aiko shi, suka ɗora wani tsari a kai wanda ke haɗa kayayyaki masu kama da juna, ta yadda bincike ɗaya zai fito da su duka ko a ina suke.

Wannan tsarin ne ya fi bambanta Digital Benin da kundayen da gidajen tarihi ke yi wa kansu. A sashen da ake kira Ẹyo Otọ an rarraba kayan bisa sunayensu na harshen Edo da amfanin da ake yi da su a masarautar: faifan tagulla sunansa Ama, kan tunawa da sarki Uhunmwu-Elao, ƙararrawa kuma Ẹroro. Ana iya sauraron yadda ake furta sunayen. Akwai kuma hirarrakin bidiyo da dattawa da masu sarauta da maƙera, domin sana'ar zubin tagulla ba ta mutu ba, har yau ana yin ta a Titin Igun. Sauran sassan sun haɗa da taswira, da tarihin masarautar, da jerin sunayen sojoji da dillalai da attajiran da kayan suka bi ta hannunsu.

Abin da lissafin ya nuna

Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan ne ke kan gaba da kayayyaki sama da 900, sai gidan tarihin al'adu na Berlin da sama da 500. Gidajen tarihin Najeriya na Benin da Legas su ma suna cikin kundin, amma abin da ke hannunsu bai kai na Landan ba. Adadin 5,246 ba shi ne jimillar abin da aka kwasa a 1897 ba: kayan da ke hannun ɗaiɗaikun attajirai ba sa ciki, sannan wasu daga cikin na kundin sun bar Benin ta wata hanyar daban ko a wani lokaci daban.

Dangantakarsa da maido da kayan

Kundin ya fito ne a daidai lokacin da batun maido da kayan ya ɗauki zafi. A watan Oktoba na 2021 Kwalejin Jesus ta Cambridge ta miƙa wani zakaran tagulla, Jami'ar Aberdeen kuma ta miƙa kan wani Oba. Ranar 1 ga Yuli 2022 Jamus da Najeriya suka sa hannu a kan yarjejeniyar mayar da mallakar kayayyaki sama da 1,100, a watan Disamba kuma ministar harkokin wajen Jamus, Annalena Baerbock, ta kai kashin farko Abuja. A 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana Oba Ewuare II a matsayin mai mallakar kayan da aka maido. Holan ta maido da guda 119 a 2025.

Digital Benin ba ya da ikon tilasta wa kowa ya maido da komai. Amfaninsa ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya da fadar Oba shi ne, mai neman kaya yanzu yana iya faɗin lambar rijistarsa da inda yake da hanyar da ya bi ya isa can. Masu suka suna tunasarwa cewa hoto a allon waya ba ya zama madadin kan tagullar da aka ɗauke daga wurin bautar kakanni, suna kuma tsoron kada gidajen tarihi su fake da kundin intanet su ci gaba da riƙe ainihin kayan. Gidan Tarihi na Birtaniya dai bai mayar da mallakar nasa ba, yana kafa hujja da wata dokar majalisa ta 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke ajiyarsa sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan.