Kyaftin Frank Worrell da Rangadin Wes Indis a Ostireliya, 1960 zuwa 1961

A ƙarshen shekarar 1960 ƙungiyar kurket ta Wes Indis, wadda ke haɗa 'yan wasa daga Barbados da Jamaika da Tirinidad da Giyana ta Birtaniya, ta sauka a Ostireliya domin buga manyan wasanni biyar. Masu masaukin ne suka yi nasara, suka ci biyu, baƙi suka ci ɗaya. Abu biyu suka sa har yau ake tuna wannan rangadi. A cikinsa aka fara yin kunnen doki a tarihin manyan wasannin kurket, kuma a cikinsa ne baƙar fata ya fara jagorantar Wes Indis a matsayin cikakken kyaftin daga farkon rangadi zuwa ƙarshensa.

Babban wasan kurket tsakanin ƙasashe, wanda ake kira Tes, kwana biyar ake yi ana buga shi. Kowane ɓangare yana da mutum 11, kuma kowanne yana da zubi biyu na bugu. Mai jifa yana auna turaku uku da aka kafa a bayan mai bugu, shi kuwa mai bugu yana kare su da sandarsa, ya kuma tara maki ta hanyar gudu tsakanin turakun gefe biyu. Ana fitar da shi idan ƙwallo ta kayar da turakunsa, ko aka cafe bugunsa kafin ya taɓa ƙasa, ko aka kayar da turakun yana tsakiyar gudu bai kai layi ba. Da an fitar da mutum 10, zubin ya ƙare. Kyaftin a kurket ba mai ɗaura ƙyalle a damtse ba ne kawai. Shi ke cewa wane zai yi jifa, shi ke tsayar da kowa a inda zai tsaya, shi ke yanke ko a nemi nasara ko a kare kai. Nauyin muƙamin ne ya sa aka daɗe ana rigima a kansa a tsibiran Karebiyan.

Sojojin Ingila da masu gonakin rake ne suka kai wasan can. Jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, yawancinsu daga yammacinta, suka koye shi har suka fi ubangidansu iyawa, daga baya kuma 'ya'yan 'yan ƙwadagon da aka kawo daga Indiya bayan soke bauta suka shigo. Wes Indis ta buga Tes ɗinta na farko a filin Lord's da ke Landan a 1928. Tun daga lokacin baƙaƙe ne ƙashin bayan ƙungiyar, irin su Learie Constantine da George Headley, amma hukumar wasan tana hannun attajirai da masu gonaki, kuma ra'ayinsu shi ne shugabanci na farare ne ko masu hasken fata 'yan manyan gida. Headley, wanda babu kamarsa a bugu a zamaninsa, sau ɗaya tak aka ba shi jagoranci, a wasa guda da Ingila a 1948.

Frank Worrell, haifaffen Barbados a 1924 wanda daga baya ya koma Jamaika, yana cikin gwanaye ukun da suka ɗaga ƙungiyar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tare da Everton Weekes da Clyde Walcott. Da su aka doke Ingila a gidanta da ci 3 da 1 a 1950. Duk da haka, lokacin da kyaftin Jeff Stollmeyer ya ji rauni a 1955, Denis Atkinson aka miƙa wa ragama, farar fata wanda bai kama ƙafar ko ɗaya daga cikin ukun ba wajen ƙwarewa. A 1957 aka dawo da tsohon kyaftin John Goddard, aka je Ingila aka sha kashi 3 da nema. Gaskiya ne bayan wannan an yi wa Worrell tayin muƙamin, ya ce a dakata masa domin yana karatu a Jami'ar Manchester, sai aka naɗa Gerry Alexander, mutumin Jamaika mai hasken fata wanda ya yi karatu a Cambridge. Amma da Worrell ya gama karatu ya dawo, Ingila kuma ta zo rangadi a farkon 1960, sai aka bar shi yana wasa a ƙarƙashin Alexander.

A nan haƙurin jama'a ya ƙare. Lokacin guguwar neman 'yanci ne, an kafa Tarayyar Wes Indis a 1958, kuma mutanen da ke shirin mulkin kansu ba su ga dalilin da za a ce ba za su iya shugabantar mutum 11 a fili ba. Marubucin nan C. L. R. James, wanda ya koma Tirinidad ya zama editan The Nation, jaridar jam'iyyar Eric Williams, ya ɗauki maganar ya yi ta bugawa mako bayan mako. Hujjarsa a fili take: Worrell ya fi kowa cancanta, launin fata ne kaɗai ya hana shi. A ƙarshen Janairun 1960 'yan kallo a Port of Spain suka yi ruwan kwalabe a fili har aka tsayar da wasa. Hukuncin alƙalin wasa ne ya tayar da tarzomar, amma James ya nuna cewa fushin ya girmi wannan rana. Ingila ta ci jerin wasannin 1 da nema, hukuma kuma ta naɗa Worrell, yana da shekara 36 lokacin da aka isa Ostireliya.

Mutum 16 aka zaɓa, Gerry Gomez kuma shi ne manaja. Barbados ta ba da Conrad Hunte da Cammie Smith da Garfield Sobers da Seymour Nurse da Peter Lashley da Wes Hall. Daga Jamaika, ban da Worrell, akwai Alexander da Jackie Hendriks da Chester Watson da Tom Dewdney da Alf Valentine. Giyana ta kawo Rohan Kanhai da Joe Solomon da Lance Gibbs, Tirinidad kuma Sonny Ramadhin. Wanda aka bari a gida ya jawo magana kusan kamar waɗanda aka ɗauka. Roy Gilchrist, mai jifa mai tsananin sauri, an koro shi daga rangadin Indiya a 1959 saboda auna kan masu bugu da yake yi. Worrell ya so a tafi da shi domin yana ganin zai iya riƙe shi, hukuma ta ƙi. Hakan ya bar kusan dukan nauyin jifan sauri a wuyan Hall. Alexander kuwa, wanda aka sauke, ya karɓi mataimakin kyaftin da zuciya ɗaya, kuma wannan halin nasa ya cancanci yabo fiye da yadda aka saba yi masa.

Babban aikin Worrell a wajen fili shi ne rusa ɓangarancin tsibiri, domin a da ɗan Barbados da ɗan Barbados yake zama, ɗan Jamaika da ɗan Jamaika. Ya kuma gindaya wa 'yan wasansa cewa idan alƙali ya ɗaga yatsa, a fita ba tare da gunaguni ba. Kurket a lokacin yana cikin wani hali. Wasan tsoro da jan ƙafa na shekarun 1950 ya kori 'yan kallo. A Brisbane a 1958 Trevor Bailey na Ingila ya kwashe sama da awa bakwai kafin ya tara maki 68. Worrell da takwaransa Richie Benaud suka yi alkawarin wasa mai kai hari, Donald Bradman kuma, shugaban masu zaɓen 'yan wasan Ostireliya, ya gaya wa nasu cewa wanda ya ƙayatar da 'yan kallo shi za a duba da idon rahama.

Wasannin share fage ba su yi wa baƙi daɗi ba, jihar New South Wales ma ta lallasa su. Sai aka shiga Tes na farko a Brisbane ranar 9 ga Disamba. Sobers ya buga 132, Wes Indis ta tara 453. Ostireliya ta mayar da 505, Norman O'Neill shi kaɗai ya kawo 181. Zubi na biyu baƙi suka samu 284, wato masu gida na bukatar 233 a ranar ƙarshe. Hall ya far musu, mutum shida suka fita maki na 92. Wani kyaftin da sai ya rufe ƙofa ya jira lokaci ya ƙare. Benaud da Alan Davidson suka zaɓi neman nasara, suka haɗa 134 tsakaninsu, har Solomon ya jefo ƙwallo ta kayar da turakun Davidson, saura maki bakwai.

A Ostireliya ta lokacin jifa takwas ne jeri guda. Hall ya karɓi jerin ƙarshe, ana neman maki shida, saura mutum uku a fitar. Jifan farko ya bugi cinyar Wally Grout, suka ruga suka samu ɗaya. Worrell ya riga ya hana Hall jifan da ke dukan ƙasa ya taso wa mai bugu a ka, amma shi ya yi a na biyu, Benaud ya kai sanda, ƙwallo ta goge ta ta faɗa hannun Alexander mai tsaron baya. Na uku babu maki. Na huɗu suka saci ɗaya ƙwallo na hannun mai tsaron baya. Na biyar Grout ya ɗaga ta sama, Kanhai na tsaye a ƙarƙashinta, sai Hall ya rugo ya shiga gabansa, ta suɓuce masa, suka ƙara samun ɗaya. Na shida Ian Meckiff ya maka ta can nesa, suka yi gudu biyu suka juya na uku wanda zai ba su nasara, Hunte ya tsinto ta daf da iyakar fili ya aiko ta kai tsaye hannun Alexander, Grout ya yi sufa bai kai ba. Maki ya zama daidai, saura mutum ɗaya. Hall ya sha ba da labarin cewa a nan Worrell ya matso ya gargaɗe shi kada ƙafarsa ta ƙetare layi, domin tarar maki guda za ta ba da wasan, kuma ba zai ƙara iya taka Barbados ba. Lindsay Kline ya tura jifa na bakwai gefe, suka ruga. Solomon, daga inda turke ɗaya kawai yake iya gani, ya tsinta ya jefa ya same shi. Kowane ɓangare ya tashi da 737. Tun da aka fara Tes a 1877 ba a taɓa ganin haka ba, kuma ba a sake gani ba sai a Madras a 1986. Davidson ya zama mutum na farko da ya haɗa maki 100 da fitar da mutum 10 a Tes guda.

Ostireliya ta ci na biyu a Melbourne cikin sauƙi. A wasan ne hular Solomon ta faɗo kan turakunsa aka fitar da shi bisa doka, 'yan kallon gida kuma suka yi ta yi wa kyaftin nasu ihu. A Sydney Worrell ya yi canjin da ya fi kowanne amfani, ya sa matashi Gibbs a gurbin Ramadhin. Sobers ya buga 168, Alexander 108, Gibbs ya fitar da mutum uku cikin jifa huɗu, shi da Valentine suka murza ƙwallo har Wes Indis ta ci da ratar 222.

Wasan Adelaide shi ne wanda ya kuɓuce musu. Kanhai ya buga 117 da 115, Gibbs ya fitar da mutum uku a jere. Ranar ƙarshe saura mutum ɗaya su yi nasara, Sobers ya cafe bugun Ken Mackay, 'yan wasa har sun fara barin fili, alƙali Col Egar ya ce ƙwallon ta taɓa ƙasa. Suka koma wurarensu. Mackay da Kline, wanda ba a san shi da iya bugu ba, suka jure fiye da awa ɗaya da rabi, kuma jifan Hall na ƙarshe Mackay da haƙarƙarinsa ya tare shi don kada ya taɓa sanda. Lokaci ya ƙare babu wanda ya ci. A Tes na biyar a Melbourne mutum 90,800 suka shiga kallo a rana ta biyu, adadin da ba a taɓa samu ba a kurket kafin nan. Ostireliya na neman 258, ta kai da ƙyar, mutum takwas sun riga sun fita.

Alƙaluman rangadin sun gaskata zaɓen da aka yi. Kanhai ya tara 503, Alexander 484, kuma babu Tes ɗin da bai haura 50 ba a ɗaya daga zubinsa. Hall ya fitar da mutum 21, Gibbs 19 a wasa uku kacal. Kwana biyu bayan wasan ƙarshe aka zaga da baƙin cikin buɗaɗɗun motoci a titunan Melbourne, dubun dubatar mutane suka fito yi musu ban kwana, a ƙasar da har lokacin dokarta ta shige da fice ke hana wanda ba farar fata ba zama.

Hukumar kurket ta Ostireliya ta sa Ernie McCormick, tsohon ɗan wasanta kuma maƙerin zinariya, ya ƙera kofi, aka sa masa sunan Frank Worrell, aka mayar da shi abin da ƙasashen biyu za su riƙa fafatawa a kai. Worrell ya ci gaba da jagoranci, ya doke Indiya 5 da nema a 1962, ya doke Ingila 3 da 1 a 1963, sannan ya ajiye sanda ya bar wa Sobers, wanda Kanhai ya gada, sai Clive Lloyd, sai Viv Richards. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir a 1964. A 1965, yana manajan ƙungiyar, Wes Indis ta karɓi kofin mai sunansa a karon farko da ci 2 da 1. Sankarar jini ta yi ajalinsa a Kingston ranar 13 ga Maris 1967, yana da shekara 42. Daga baya Wes Indis ta riƙe kofin tun daga 1978 har zuwa 1995, shekarar da Ostireliya ta je Karebiyan ta ƙwace shi.