Tabon Linzami a Haƙorin Doki

Duk wanda ya kalli hawan salla a ƙofar fadar Tasawa, ko ya ga ingarma ɗaure a turke a ƙauyukan Mayahi, zai zaci doki da Bahaushe tare suka taso. Amma linzami da sirdi da likkafa duk kalmomi ne da muka aro daga Larabci. To shi dokin, a ina aka fara horar da shi?

David Anthony, Ba'amurke masanin kufai, da abokiyar aikinsa Dorcas Brown, sun nemi amsar a bakin doki. Sun nuna cewa linzami na barin tabo a haƙoran ƙasa. Da wannan ma'auni, a 1991 suka ce an hau wani ingarma na Dereivka, a Yukren, wajen shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa. Da aka auna shekarun ƙashin, sai ya zama na zamanin ƙarfe ne, Anthony kuwa ya amsa kurensa a fili.

Littafinsa na 2007 kan doki da ƙafar keke da harshe ya ja hankalin masana zuwa filayen ciyawa na arewacin Baƙin Teku. A 2021 ayarin Ludovic Orlando ya binciki ƙwayoyin halittar tsofaffin dawaki 273, ya gano kakannin dawakin yau a tsakanin kogunan Volga da Don, wajen shekara 2200 kafin haihuwar Annabi Isa. Dokin Sarkin Tasawa ma can asalinsa yake.